Tsakuwa Ba Ta Cewa Tubarkalla

Jikata Hajara, wadda ke koyarwa a jami'a, ta kawo mini abokan aikinta su gaishe ni, hira ta kai su ga wani kwamiti da aka sa su a ciki. Wai za su gyara yadda ɗalibai ke faɗin ra'ayinsu kan malamansu a ƙarshen zango, don a san wa ya iya koyarwa, wa ke bukatar gyara. Wani dogo mai tabarau ya ce ai abin ba wuya, wanda ya sha miya shi ake tambaya ko ta ji gishiri. Na yi dariya har na ƙware. Hajara ta ce, "Kai tsoho, me ka sani a ciki?" Na ce, "Amarya, wannan miyar na ɗanɗane ta tun uwarki ba ta zo duniya ba." To ku gyara zama. Auna malamai shi ne aikina tun zamanin Turawa, kuma a gabana awon ya cinye malamin da ya fi kowa iya aiki.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai aka bubbuɗe azuzuwan manya a ƙauyuka. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, sai magidanta su taru bayan la'asar a gindin itace ko a zauren mai unguwa, a koya musu karatun boko da Hausa. Malamansu ba wasu manya ba ne. Duk wanda ya ɗan taɓa elementare, ya iya riƙe alli, sai a ba shi aji da ɗan abin da zai riƙe gida. Ni kuma En'e, hukumar gargajiya, ta ɗauke ni malamin zagaye, in bi azuzuwan ƙasar Kankiya da Kusada in ga wa ke koyarwa, wa ke shan inuwa. Kayan aikina ba yawa: keke, famfo, gam da guntun tsohon tib na faci, don ƙayar hanyar Kusada ba ta san ma'aikacin En'e ba. Sai jakar alli, da buta, da buzun zama. Buzun nan shi ne babba, domin rabin aikin zama ne a bayan aji ka yi tsit har malami ya manta kana nan, sannan ka ga halinsa.

Ranar da na fara fita da Malam Isiyaku, wanda ya koya mini sana'ar, Kafin Soli muka nufa. Tsoho ne siriri, ba ya son magana. Muna isa na zaci aji za mu shiga, sai na ga ya jingine keke ya nufi inda ake ɗaure jakuna, ya tsuguna, ya ɗauki tsinke yana tonon kashin jaki. Na ce a raina shi ke nan, an haɗa ni da mai taɓin hankali. Sai da ya gama ya ce, "Yaro, mutanen unguwannin nesa bisa jaki suke zuwa. In malam ya iya, sai su zauna har magariba, jaki shi gaji da jira shi yi kashi. In bai iya ba, gaisuwa za su yi su juya. Ka ga wanga busasshe, na makon jiya ne. Ga na shekaranjiya, ga na yau. Malamin ga shina aiki." Muka hau keke muka koma gida, ko fuskar malamin ba mu gani ba.

Dabarar ba ta daɗe ba malamai suka gano ta. Wata rana a wani ƙauye gaba da Kusada muka tarar da kashi tuli guda a turke, kamar an ci kasuwa a wurin. Malam Isiyaku ya tona, ya tona, sai ya ɗago wani dunƙule ya kira malamin ajin.

"Malam, wanga na raƙumi ne. Wa ke da raƙumi garin ga?"

Malamin ko ƙifta ido bai yi ba. "Allah shi gafarta malam, wani Buzu ne ya shigo aji."

"Ina shike?"

"Ai ya sauke karatu ya wuce Agadas."

Wata wahalar kuma ita ce zakara. Duk ƙauyen da ka sauka, kafin ka kwance jaka malami ya sa an yanka maka. In ka ƙi ci ka wulaƙanta mutum a gidansa, in ka ci kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malam Isiyaku ya samo mafita: ko'ina muka je sai ya ce yana azumi. Litinin azumi, Talata azumi, Asabar azumi. Kafin rani ya fita labari ya bazu cewa En'e ta ɗauki waliyyi aiki. Mata suka riƙa tare mu a hanya da jarirai a yi musu tofi, wani ma ya roƙi ƙasar da tayar kekensa ta taka. Alhali mutumin nan da mun fita gari zai laɓe bayan kuka ya buɗe jaka ya hau gurgurar ƙuli-ƙuli, ni ina yi masa gadi. Da gwiwa ta hana shi tuƙa keke ya bar mini aikin, kuma daidai lokacin aka kawo mana sabon Baturen ilmi.

Mai Sikeli muke ce masa, saboda bai yarda da abin da ba a auna ba. Ba mugu ba ne, ya kuma ji Hausa, irin ta littafi mai wanke hannu. Da na ba shi labarin kashin jaki sai ya daɗe yana kallona, sannan ya faɗi daidai abin da wannan dogon naku ya faɗa: a tambayi masu koyo. Muka tafi Kusada tare, aka kafa masa kujerar naɗewa, ya dubi wani dattijo ya ce, "Yaya malaminku?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Sai ɗan mura da ya yi jiya."

"A'a. Ina nufin yaya koyarwarsa?"

"Sai godiya."

Aka fitar da malamin daga wurin don su saki jiki. Sai godiya. Aka riƙa kiransu ɗaya-ɗaya bayan danga. Sai godiya. Wa zai kushe mutumin da ya koya masa ko da baƙi ɗaya, ya zubar da albarkarsa a gaban baƙo? Muka zagaye ƙasar kaf, malamai masu kirki da na banza duk sakamakonsu ɗaya.

Sai ya ce to a yi abin a ɓoye, ba da baki ba. A kafa zana, a sa ƙwarya a bayanta, a ba kowa wake ɗaya da tsakuwa ɗaya. In malami ya gamsar da kai ka jefa wake, in bai gamsar ba ka jefa tsakuwa. Kuskuren da ya yi, waken daga gonar gwaji ta gwamnati ya ɗebo, fari tas, manya-manya, irin da manomi bai taɓa gani ba. Wane manomi zai jefar da wannan iri a ƙwarya? Kowa ya soke wake a aljihu ya jefa tsakuwa. A wannan zagayen malaman ƙasar gaba ɗaya suka faɗi, ban da guda ɗaya da mutanensa suka ji tsoro suka jefa waken, shi kuma akuyar mai unguwa ta shiga bayan zana ta cinye sakamakonsa. Da damina ta sauka, waken Bature ya yi yaɗo daga Kankiya har Kusada.

Karo na uku ya cire wake. Ƙwarya biyu, ɗaya an shafe ta da farar ƙasa, ɗaya da baƙin tukunya, fara ta yabo, baƙa ta kushe, kowa tsakuwa guda. Ni ke ɗaure su a bayan keke ina yawo, har mata suna tsayar da ni su sayi nono. Wannan kam ta yi aiki, a karon farko. A Kafin Soli akwai wani Malam Lawal, haziƙi, farar ƙwaryarsa ta cika, baƙar ko ɗaya. Mai Sikeli ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ranar kasuwa ya tsaya a gaban jama'a ya ɗaga ƙwaryar sama, ya yabi Malam Lawal tun daga kai har ƙafa, ya ce za a tura shi kwas Katsina a ƙara masa girma. A hanyar Katsinar, yana zaune kan buhunan gyaɗa a bayan mota, motar ta faɗa rami, ya wuntsulo ya karye a cinya. A makon kuma sansa na huɗa ya kwanta ya mutu. Ajin Kafin Soli ya zauna ba malami har rani ya fita. Ba wanda ya yi shela, amma duk ƙasar ta yanke hukunci ɗaya: kambun baka ne. An yabi mutum a bainar jama'a, baki ya kama shi.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Malam Habu. A Tudun Kanya yake koyarwa, wata unguwa gaba kaɗan da Fakuwa. Shan inna ya taɓa shi yana yaro, ƙafarsa ta hagu ta shanye, da sanda yake dogarawa. Ba ya iya noma, ba shi da gona ma, allin nan shi ne hatsinsa, da shi yake ci da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa. A duk shekarun da na yi ina shimfiɗa buzu a bayan aji ban ga mai koyarwa kamarsa ba. Ba ya fara wa mutum da a, ba, ca. Sunanka zai fara koya maka, don ya ce ba wanda ke ƙin ganin kansa. Ya sa a share rairayi, kowa da karansa. Ya tara gwangwanaye da tsofaffin buhuna masu rubutu, kowa ya karanta abin da ya daɗe yana ɗauka a ka bai san me aka ce a jiki ba.

Aikinsa da ba na mantawa shi ne na Baba Tanko, sarkin noman unguwar, tsoho mai taurin kai da ya ce yatsunsa sun sandare, fartanya kaɗai suka sani. Malam Habu ya ce to a zo da fartanyar. Ya kai shi saura, ya tsaya a gefe bisa sandarsa yana ba da umarni, ja nan, tsaya, karkata, Baba Tanko yana tada kunya da fartanya. Da suka gama aka hau kan suri aka duba, ga TANKO kwance a gona, kowane baƙi ya fi tsawon mutum. Kashegari aka rage girmansa, bayan kwana biyu aka koma tsakar gida da sanda, daga nan rairayi da kara. Kafin ruwa ya sauka sunan da ya cika gona ya shiga takarda. Tun daga ranar, wanda ya taɓa Malam Habu ya taɓa Baba Tanko.

Shekarar da ta biyo bayan karayar Malam Lawal ita ce muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, haraji bai taru ba, aka ce a rage azuzuwa. Mai Sikeli ya yanke cewa malaman da baƙar ƙwaryarsu ta fi nauyi su za a sallama. Bai gaya wa kowa ba, har ni, wai don kada labarin ya ɓata awo. Na isa Tudun Kanya da ƙwaryata hankali kwance, na kafa zana, na koma gefe. Can na fara jin ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ƙaƙƙautawa. Da na leƙa, farar wayam, baƙar ta cika tana zuba. Tsakuwar ta fi mutanen yawa nesa ba kusa ba, don wasu da tasu suka zo daga gida. Wani saboda tsabar ƙauna ɗan dutsen niƙan matarsa ya ɗauko ya aza a kai, har ƙwaryar ta tsage. Malam Habu yana zaune gindin kanya ya sunkuyar da kai yana murmushi, kamar ango.

Na ce, "Baba, mene ne haka? Ba kai ne ya koya wa rubutu da fartanya ba?"

Baba Tanko ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Malamin zagaye, kai kau da hankalinka. Na Kahin Soli ƙahwa biyu gare shi, baki ya ci guda ya bar mishi guda. Namu guda ɗai gare shi mai kyau. Ita za mu miƙa?"

Limamin unguwar yana wurin, ya ce shi fa ya gaya musu wannan camfi ne, ba abin da ke samun bawa sai da izinin Allah, kuma in ana tsoron baki ai sai a yaba a ce tubarkalla.

"Allah shi gafarta malam, gaskiyarka," in ji Baba Tanko. "Ni in na yaba ina cewa tubarkalla. Tsakuwa hwa? Ka taɓa jin tsakuwa ta ce tubarkalla? Yabo ne tsirara, ba kariya."



A makon nan kuma na je ajin wani Malam Ado a ƙasar Kusada, wanda tun da aka buɗe aji yake sa magidanta rera a, ba, ca, shi kuma ya jingina da bango ya rufe fuska da hula. Farar ƙwaryarsa ta cika maƙil. Wani ɗalibinsa ya raka ni bakin gari yana cewa, "In baki ya ci shi, in Katsina ta ɗauke shi, dut mun gode." Katsinar ce ta ɗauke shi. Aka tura shi ya riƙa koya wa sababbin malamai yadda ake riƙe aji.

Da na kai sakamako bariki sai Mai Sikeli ya gaya mini hukuncin. Sunan Malam Habu ne na farko a cikin waɗanda za a sallama. Na tsaya na yi masa bayani dalla-dalla.

"Kana nufin," in ji shi, "baƙi fari ne?"

"A Tudun Kanya, ranka ya daɗe."

"A ajin Malam Ado fa?"

"Can fari baƙi ne."

Ya duba ya nuna wani ƙauye da tsakuwa ta rabu biyu daidai. "Nan fa?"

"Nan rigimar rijiya ake yi tsakanin unguwar gabas da ta yamma. Ba ruwan malam a ciki."

Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Na ce muku ba mugu ba ne. Ya ce zai je Tudun Kanya da kansa, in mutanen suka faɗa masa da bakinsu cewa malaminsu nagari ne, zai bar shi.

Na riga shi zuwa, na tara su na gaya musu gaskiya tsirara: in ba su yabi Malam Habu ba, za a kore shi, ya koma Kankiya ba gona ba aiki. Liman ya taimake ni, muka shirya cewa Baba Tanko ne zai yi magana a madadin kowa, ya yi yabon a taƙaice, ya rufe da tubarkalla, jama'a su amsa. Har gwaji muka yi. Tsohon yana faɗa yana gumi kamar mai ɗaukar buhu, amma ya faɗa.

Ranar da Bature ya zo ana zafin bazara irin mai narka gam. Na jingine kekena a rana saboda inuwar duk jama'a sun cika ta, Malam Habu kuma yana tsaye kusa da keken bisa sandarsa, ya sha wankakkiyar riga. Mai Sikeli ya zauna, ya ɗora littafi a cinya, ya ce yana saurare. Baba Tanko ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, malamin ga namu ya iya koyarwa. Ba mu taɓa ganin irinai ba. Mai haƙuri ne, mai..."

"Dakata," in ji Bature, ya ɗaga hannu. "Bari in rubuta wannan."

Baba Tanko ya dakata, tubarkallarsa tana maƙale a maƙoshi. Fensir yana tafiya a takarda, sai tayar kekena ta baya, da rana ta gama gasawa, ta fashe. Ɗau! Kamar bindiga. Malam Habu ya zabura, sanda ta zame, ya tafi ƙasa da baya.

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi gudu irin na ranar ba. Suka rufu a kansa, ana salati, wannan ya kama ƙafar dama yana lanƙwasawa, wancan yana matsa gwiwa. Ba abin da ya same shi sai ƙasa a riga. Amma Baba Tanko ya riga ya juyo wajen Bature, idonsa ja.

"Ƙarya nike! Ranka shi daɗe, goge! Goge abin da ka rubuta! Rago ne, bai iya komi ba!"

Sauran suka ɗauka. Wannan ya ce kwana yake a aji. Wancan ya ce ko sunansa bai iya rubutawa ba. Wani ya ce shi ya sace masa akuya bara, alhali mutumin bai taɓa mallakar akuya ba. Suna zagi suna karkaɗe masa riga, wani yana yi masa fifita da hula.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. A gwada su karatu." Mai Sikeli ya yarda. Ya tashi ya yi rubutu a allo, dogon zance, har da kalmomi masu wuya. Nan fa aka sami matsala, domin manomi zai iya ɓoye hatsinsa, amma wanda ya koyi karatu da furfura ba ya iya ganin rubutu ya yi shiru. Tun Bature bai ajiye alli ba leɓuna suka fara motsi. Suka karanta kaf, har wani ya nuna masa ya manta lanƙwasar ƙ a wuri ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, an tsira.

"Madalla," in ji Bature. "Wa ya koya muku wannan?"

Baba Tanko ya dubi ƙafar Malam Habu, ya dubi Bature. "Ba shi ba ne."

"To wa?"

"Haka nan muka iya. Mu mutanen Tudun Kanya haka Allah ya yi mu."

Jama'a suka ce ƙwarai kuwa, haka aka haife su. Mai Sikeli ya juya wajen Malam Habu ya ce, "Malam, kai me ka ce?" Ku da kuka yi boko za ku ce ai sai ya kare kansa. Ta yaya? Ya yabi kansa da bakinsa, ko ya ƙaryata sa'o'in ubansa a gaban baƙo, mutanen da suka gama duba masa ƙafa yanzu-yanzu? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, manya sun hwaɗi."

A hanyar komawa, ina tura keke mai faci, Mai Sikeli yana tafe a hankali kusa da ni, na yi magana har bakina ya bushe. Ya ce mini ya gane, wallahi ya gane. Amma tsakuwa ta ce baƙi, baki ya ce baƙi, malamin da kansa bai musa ba. Me zai rubuta wa na sama da shi, cewa taya ta fashe? Abin da ya rubuta shi ne, mutanen Tudun Kanya suna da basira ta musamman, sun iya karatu ba tare da taimakon malami ba, saboda haka ba su bukatar aji. Aka rufe ajin, aka sallami Malam Habu. Ni aka aika in gaya masa, kuma a duk aikin da na yi wa En'e ba wanda ya yi mini ciwo kamar wannan.

Ranar da zai tashi na je rakiya. Iyalinsa sun riga sun yi gaba. Aka ɗora shi a jaki, unguwar gaba ɗaya ta biyo shi har bakin babbar hanya, inda zai tari motar da za ta sauke shi Kankiya. Da aka sauke shi aka ajiye ƙunshin kayansa, sai Baba Tanko ya share hawaye da hannun riga, ya ce, "Malam, wallahi ba a yi malami irinka ba. Kai ka buɗe mani ido bayan na tsuhwa." Wani ya karɓa, ya faɗi yadda ya karanta sunan magani a kwalba ya hana a ba ɗansa maganin shanu. Wani ya faɗi haƙurinsa. Wanda ya ce an sace masa akuya ya fi kowa kuka.

Malam Habu ya ce, "Baba, yau ba ku tsoron baki?"

"Mi ya rage da zai ci?" in ji tsohon.

Malam Habu ya jingine sandarsa, ya zauna a kan ƙunshin kayan, ya miƙe ƙafarsa mai kyau.

"To ku ci gaba," ya ce. "Dut shekarun ga ina koyarwa ban taɓa ji ba."

Suka zauna a ƙasa suka kewaye shi, suna faɗa ɗaya bayan ɗaya. Motar ta taho, direba ya rage gudu ya yi oda, yaron mota yana kiran Kankiya, Kankiya. Malam Habu bai ɗaga hannu ba. Ya ce wa wanda ke magana, "Ina jinka."